Awa Bakwai a Kan Takarda

Litinin, 7:20 na safe

Kwana huɗu ke nan da aka sallamo Baba daga asibiti, shi da injinsa. Injin numfashi ne, girmansa kamar ƙaramin akwati, yana zuƙar iskar ɗaki ya tace ya tura masa ta siririn tiyo zuwa hanci. Likita ya ce huhun ya gaji, shekara arba'in a bakin tanderun burodi ba wasa ba ne, kuma kada injin ya tsaya fiye da 'yan mintuna. Na tambaye shi mintuna nawa. Ya ce, "Kada dai ya tsaya." Ni da aikina lamba ne, an ba ni amsar da babu lamba a cikinta.

Baba ya raɗa wa injin suna Mai Minshari. Ya ce tun rasuwar Inna bai samu abokin kwana mai surutu irinsa ba.

An ba mu ɗan abin da ake maƙala wa yatsa ya nuna yawan iskar da ke jini. In ya haura casa'in, lafiya. Yau 93. Alhamdu lillahi.

Talata, 1:15 na rana, ofis

Shugaba ya yarda in riƙa zuwa da rana har zuwa Alhamis ta sama, ranar da zan gabatar da rahoton. Allah Ya saka masa. Ban taɓa zaton yana da zuciya ba, na ɗauka kalkuleta ce a ƙirjinsa.

Shekara uku ina kan rahoton nan. Ƙasashe arba'in na jera a jadawali ɗaya, kowace da abin da take ƙonawa: kwal, gas, fetur da dizal, ruwan madatsa, iska, rana, itace. Na daɗe da daina kiransu da sunayensu. Akwai Mai Kwal, wadda hayaƙinta ya fi na kowa amma wutarta ba ta ƙiftawa. Akwai Mai Madatsa, da Allah Ya ba duwatsu da koguna, sai taƙama take kamar ita ta haƙa su. Akwai Mai Gas, mai kunna fitila da rana tsaka. Can ƙasan shafi kuma mu ne da ire-irenmu, Masu Itace, waɗanda yawancin wutarmu ba ta bi ta kan mita ba, don haka alƙalumanmu duk ƙiyasi ne.

Yau na mayar wa sashen tsare-tsare jadawalinsu da jan biro. Sun sake yin kuskuren da na yi shekara uku ina wa'azi a kansa: sun kwatanta ƙasashe da abin da aka zuba a tashar wuta, ba abin da ya iso gida ba. Kwal ɗin da aka ƙona, kusan kashi biyu cikin uku zafi ne ya bi iska, sannan waya ta ci nata a hanya. Na rubuta musu a gefe, "Abin da ya shiga daban, abin da ya iso daban." Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na san suna kirana Hajiya Jan Biro a bayan idona, ko a jikina.

Laraba, 5:40 na yamma

Na yi wa Mai Minshari nasa jadawalin, na manna a bayan ƙofa.

Daga magariba zuwa takwas na safe, wutar gwamnati, don yawanci ba ta saɓa wannan. Daga biyu na rana zuwa magariba, janaretan mai walda, wanda shagonsa ke jikin gidanmu. Shi da kansa ya shigo da waya ya haɗa, da na fara godiya sai ya ce, "Haba, burodin Baba ne ya raine ni." Saura takwas zuwa biyu, lokacin da mai walda ke fita aiki da janaretansa. Kwanakin nan ɗan janaretan Yaya muke tayarwa, amma hayaƙinsa har ɗakin Baba, ga shi hayaƙi ne ya kawo mu nan.

Don haka yau Yaya ya kawo batir babba da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Na duba lambar da ke jikin batirin, na duba wadda ke bayan injin, na raba. Awa bakwai saura kaɗan. Mu kuwa awa shida muke nema.

Baba yana kallona daga gado. Ya ce, "Uwata, kin ƙara dami?"

Na ce damin me.

Ya ce a gidan burodi in lissafi ya ce dami goma, sha uku ake shigowa da shi, don wani ɗanye ne, wani kuma bututu zai sha.

Na ce, "Baba, wannan ba itace ba ne, lantarki ne. Na lissafa."

Ya ce, "To, ai shi ke nan, tunda kin lissafa."

94.

Juma'a, 9:00 na safe

Ba a ɗauke wuta ba sai goma da rabi jiya, yau ma ga ta har yanzu. Batir na zaune yana hutu. 93.

Asabar, 4:30 na yamma

Goggo mai ɗinki, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ta shigo da sabuwar rigar matashi da ta ɗinka wa Baba, mai ɗan aljihu a gefe da za a saƙala tiyon kada ya riƙa kanannaɗewa a wuyansa. Ni da digiri biyu ban yi wannan tunanin ba. Ta haura sittin, gwiwarta na ciwo, amma bakinta lafiya lau. Ta dubi jadawalina na bayan ƙofa ta ce, "'Yata, ni ina nawa layin?" Na ce solarta ƙarama ce, da ƙyar take jan keken ɗinkinta, kada mu hana ta sana'a. Ta ce, "Kin ji ko, Malam? An ce ni ƙaramar ƙasa ce." Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ina godiya ga mutanen layin nan. Ban san haka suke ba, don shekara da shekaru fita nake da safe in dawo da yamma da kaina cike da ƙasashen wasu.

Litinin, 6:10 na yamma

An ɗauke wuta tara da rabi. Na tafi ofis sha biyu, na dawo na tarar komai lafiya, mai walda ya karɓa tun kafin ɗaya saboda ya dawo da wuri. Baba ya tambaye ni me 'yar fitilar inbata ke nufi in ta koma ruwan ɗorawa. Ina cire takalmi, kaina na kan shafi na sha tara na rahoton, na ce ba komai ba ne, haka suke yi.

92.

Laraba, 10:45 na safe

Ina ƙoƙarin bitar jawabin gobe, keken Goggo ya hana ni. Ba ƙararsa ba, ita na saba da ita. Tun jiya sai ya yi gudu kamar minti goma ya tsaya cik, ya yi shiru, ya sake tashi. Zan ce mata ta kira mai gyara kafin ya mutu mata gaba ɗaya.

Shafi na sha tara shi ne zuciyar rahoton. In ka jera ƙasashe da abin da suka ƙona, Masu Itace ba su yi ƙasa sosai ba, har mutum ya ce ai muna da rabonmu. In ka jera su da abin da ya shiga tukunya da fitila, sai mu gangara can ƙarshe, don murhun itace yawancin zafinsa gefe yake bi. Mun fi kowa shan hayaƙi, mun fi kowa samun kaɗan. Duk lokacin da na karanta layin nan yanzu, tarin Baba nake ji.

Alhamis, 7:05 na safe

Yau ce. Sun ɗauke wuta bakwai daidai, da wuri, amma bakwai da bakwai sha huɗu, mai walda zai dawo biyu. Ya yi daidai. Baba ya ce in tafi, in yi magana a hankali, kada in cinye mutane. 94.

Alhamis, 5:50 na yamma

Asibiti. 84.

Juma'a, 8:30 na safe

86. Bai farka sosai ba.

Kira goma sha ɗaya na tarar a wayata. Na kashe ƙararta don jawabi.

Juma'a, 3:00 na rana

Ma'aikaciyar jinya mai tabarau ta kawo mini kujera ba tare da na roƙa ba. Mai shara ta nuna mini inda ake samun ruwan zafi. Mai walda ya rufe shagonsa jiya ya kawo Baba a motar wani abokin cinikinsa, yau kuma ya dawo da kayan sawa. Ina rubuta waɗannan don kada in manta, kuma don su ne abin da hannuna ya yarda ya rubuta.

Goggo na ɗingishi, gwiwarta a naɗe da bandeji. Na tambaye ta, ta ce tsufa ne.

Asabar, 11:20 na safe

89. Ya buɗe ido ya ce wa ya kashe Mai Minshari. Na nuna masa tiyon asibiti da ke fitowa daga bango. Ya ce wannan ba shi da fira.

Shugaba ya kira. Wai jawabin ya yi kyau, wai manyan baƙi sun nemi a ba su shafi na sha tara. Na ce na gode. Na shiga banɗaki na daɗe.

Lahadi, 2:00 na rana

Na je gida ɗauko bargo. Kwalin batirin na nan a zaure, da 'yar takarda a ciki wadda ban taɓa buɗewa ba. Na karanta ta a tsaye.

Na sake lissafin.

Litinin, 9:40 na safe

91.

Mai walda ne ya ba ni labarin gwiwar Goggo, bai san ban sani ba. Da injin ya yi shiru wajen sha ɗaya saura, ta zo ƙofarmu ta tarar da kwaɗo. Ni na kulle, kamar kullum, hannuna ne ya yi ban ma sani ba. Sai ta koma gidanta ta jawo teburin yankan yadi, ta ɗora kujera a kai, ta haura katanga da wayar wuta a wuyanta, ta faɗo ta cikin gidanmu a kan gwiwa. Ta riga ta zare kekenta daga sola ta saka wayar a gurbinsa, sai ta haɗa injin Baba. Minti goma sha biyar duka, in ji shi, ko ashirin. Daga nan ta yi ta kwaɗa kira har aka zo aka fasa kwaɗon.

Ya ce, "Ni abin da ya ba ni mamaki, yadda ta ji. Keke na gudu, katanga a tsakani."

Ina ta godiya, godiyar kuma tana yi mini nauyi kamar dutse.

Talata, 6:00 na yamma

Yaya ya dawo daga tafiya. Direban tankar mai ne, ya saba da hanya da faɗa, kuma duk abin da ya lalace a duniya a wurinsa wani ne ya cuce shi. Ya tsaya a barandar asibiti yana cewa mai batir ya sayar mana da jabu, awa bakwai aka ce, ko huɗu bai yi ba, saura kaɗan ya kashe mana uba. Ya ce ranar Asabar zai ɗauki batirin ya dire masa a gaban shago, kasuwa duka ta ji.

Ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, ƙanwata? Ke ce mai lissafi."

Na ce Baba na kira, na shige ciki. Baba barci yake yi.

Laraba, 7:30 na safe

92. Laifi tudu ne.

Alhamis, 4:15 na yamma

An sallame mu. Mako guda cif. Likita ya ce an yi sa'a, huhun ya ɗan ƙara ja baya amma kai lafiya, zuciya lafiya. Na ce masa na gode har sau uku, ya ce ba shi ya haura katanga ba.

Mun tarar mai walda ya daina fita da janareta da safe, wai aikin waje ya yi ƙasa. Ƙarya yake yi, na ga mutum biyu sun zo nemansa ya sallame su. Mai Minshari na ta minshari. Jadawalina na nan a bayan ƙofa da "awa 7" da na zagaye. Ban cire ba, ban kuma iya kallonsa ba.

Keken Goggo har yanzu yana tsayawa yana tashi.

Juma'a, 12:30 na rana

Na bi ta gaban shagon mai batir da gangan. Dattijo ne siriri, yana goge kan wani batir da tsumma, ga hoton jikokinsa a jikin kanta. Ya gane ni, ya tambayi jikin Baba, ya ce yana sa shi a addu'a. Bai san me ke zuwa masa gobe ba.

Asabar, 3:20 na rana

Bari in rubuta shi yadda yake, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lambar da ke jikin batir ita ce abin da ya shiga. Irin wannan batirin ba a zuƙe shi ƙaf, inbata na yanke wuta tun da saura don kada ya lalace, sannan ita ma inbatar tana cin nata kafin ta miƙa. Abin da ke isa ga injin bai wuce na awa uku da rabi ba, huɗu in an yi sa'a. Duk yana cikin 'yar takardar nan. Abin da ya shiga daban, abin da ya iso daban. Ni na rubuta wa mutane haka da jan biro, na ja layi biyu, ranar Talata. Ranar Laraba na zo gida na yi wa ubana lissafin da ko sashen tsare-tsare ba zai yi ba.

Da safe Yaya ya riga ya ɗora batirin a bayan mota. Na fito ba takalmi na ce ya sauke. Na faɗa masa a bakin ƙofa, mai walda na ji. Na jira Yaya ya yi mini faɗa irin na hanya. Sai ya ce, "Kama can," muka dawo da shi ciki tare. Da muka ajiye ya ce, "Da na ci mutuncin bawan Allah a banza." Bai ƙara ba, kuma na gode masa da hakan.

Baba ne ya rage. Na zauna a ƙasa kusa da gadonsa na faɗa masa duka, har kwaɗon. Ban yi kuka ba sai da na zo wurin fitilar da ya tambaye ni na ce ba komai.

Ya ce, "Ai na sani, Uwata."

Na ɗago.

Ya ce ranar Litinin ɗin nan ya kalli agogo. Awa uku da ɗauke wuta fitilar ta canja launi, abin ya fara 'yar ƙara, sai ga mai walda ya dawo. Ya ce shi bai san lantarki ba, amma ya san wutar da ta kusa cinye itacenta.

Na ce, "Baba, me ya hana ka matsa mini?"

"Na tambaye ki sau biyu. Kin ce kin lissafa. Ga shi saura kwana uku ki tsaya gaban manya da aikin shekara uku, in na ce lissafinki bai yi ba, zama za ki yi a gida, na san halinki." Ya gyara tiyon a hancinsa. "Mai burodi ba ya gardama da mai takarda. Dami kawai yake ƙarawa."

Na ce wane dami.

Ya nuna katanga da haɓa. Wai tun ranar Litinin da yamma ya kira Goggo ta taga, ya ce ta tanadi waya mai tsawo ta rataye kusa, kuma ta riƙa kasa kunne. Kwaɗon ne kawai bai zo masa a rai ba. Ya ce, "Kin ga ni ma lissafina bai cika ba. Sha uku na ɗauko, ashe sha huɗu ake nema."

Na ce da ya mutu fa.

Ya ce, "Da kin ji haushina, kuma da kin yi gaskiya. Miƙo mini ruwa."

Har yanzu ban san ko fushi nake da shi ko godiya ba. Duka biyun ne, godiyar ta fi yawa. 93.

Litinin, 1:40 na rana, ofis

Na je sashen tsare-tsare da ƙafata na zauna da su muka gyara jadawalinsu tare, da fensir. Sun yi ta satar kallon jakata ko jan biron zai fito.

A gida an ƙara batir na biyu, an rubuta "awa 3" a jikin kowane, an yi wa Goggo da mai walda makulli. Sabon jadawalin bayan ƙofa yana da layi biyar yanzu. Na biyar ɗin na Goggo ne, Baba ne ya sa na rubuta, babu lamba a gabansa.

Talata, 10:10 na safe

Na shiga wurin Goggo da man zafi don gwiwarta, da jawabin godiya da na shirya tun jiya, mai farko da tsakiya da ƙarshe. Tana kan keke tana haɗa hannun wata riga, ta nuna mini benci. Wayar na nan a naɗe a ƙusa jikin katanga, teburin yankan yadi kuma bai koma wurinsa ba.

Na fara, "Goggo, ban san da wane baki zan..."

Sai ta ɗaga ƙafa, keken ya tsaya cik. Ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru, 'yata."

Muka yi shiru. Ta bayan katanga, can ƙasa-ƙasa, Mai Minshari na ta aikinsa.

Ta gyaɗa kai, ta mayar da ƙafarta, keken ya tashi.

"To, me kike cewa?"